Arthur Wharton: golan da aka haifa a Ankara ta Gana, ya fara cin abinci da ƙwallo a Ingila tun 1889

Wani ɗan uwa ya turo min tambaya, wai musu ne ya kaure a gidan kallon unguwarsu bayan an tashi daga wasa, wasu na cewa Thunder Balogun ne ɗan Afirka na farko da ya fara buga ƙwallon kuɗi a Ingila, yaran ciki ma Kanu suke ta kira, shi kuma ya taɓa jin an ambaci wani Arthur Wharton amma bai san ko waye ba. Shine yake so in faɗa masa waye mutumin, ina da ina ya buga, kuma da gaske ne shi ne na farko?

Toh ɗan uwa, masu cewa Balogun ba su yi nisa da gaskiya ba in dai maganar Najeriya ake. Teslim Balogun, wanda ake wa laƙabi da Thunder, yana cikin tawagar Najeriyar nan ta 1949 da ta je Ingila ta buga wasanni yawancinsu ba takalmi, daga baya ya koma ya shiga Peterborough a 1955 sannan QPR a 1956. Amma in aka ce baƙar fata ko ɗan Afirka gaba ɗaya, to Wharton ya riga shi da shekara 66 cur, don shi a 1889 ya sa hannu a takardar albashi. Kuma ni abin da yake taɓa min zuciya a labarinsa ba wai zamansa na farko ba ne kawai, a'a, abin da ƙwallon albashi take nufi a wancan zamanin ne, don in ka auna ta da ma'aunin yau ba za ka taɓa gane rayuwar bawan Allahn nan ba.

An haife shi ranar 28 ga Oktoba 1865 a Jamestown, tsohuwar unguwar bakin teku a birnin Accra, garin da iyayenmu fatake ke kira Ankara, lokacin ƙasar ana ce mata Gold Coast ba a sa mata Gana ba tukuna. Kuma ba ɗan talaka ba ne fa, wannan ka riƙe shi da kyau don zai dawo a gaba. Babansa Henry Wharton babban limamin cocin Methodist ne da ya zo daga tsibirin Grenada, yana da jinin Scotland da na Afirka, uwarsa Annie kuma 'yar gidan Grant ce, ta ɓangaren uwa tana da jinin sarautar Fante. Kawunsa Francis Chapman Grant attajiri ne mai jaridar Gold Coast Times. Uban ya rasu a 1873 yaron yana shekara takwas ba kaɗan, dangin uwa suka ci gaba da riƙonsa. A 1882 aka tura shi Ingila karatu don ya gaji ubansa a aikin mishan, ya fara da wata makaranta a Cannock daga nan ya koma Cleveland College a Darlington can arewa maso gabashin Ingila. Wato an aike shi ya dawo da rigar limanci, shi kuma sai ya gano Allah ya ajiye masa baiwarsa a ƙafa.

Da gudu duniya ta fara saninsa ba da ƙwallo ba. A watan Yulin 1886 aka yi gasar guje-guje ta ƙasa a Stamford Bridge, eh wannan filin dai na Chelsea, lokacin filin tsere ne don ita Chelsea sai 1905 aka kafa ta. Wharton ya ruga yadi 100 a daƙiƙa 10 daidai, kuma ba sau ɗaya ba, ya yi a zagayen share fage ya sake yi a na ƙarshe. Yadi 100 ya ɗan haura mita 91. Kar ka kwatanta da Usain Bolt ka raina, ka tuna a kan me ake gudun, turba ce ta tokar kwal da aka daddaɓe, babu abin dogara ƙafa na tashi irin na yanzu, takalmin fata mai ƙusa, agogo kuma a hannun mutum yake. A lokacin daƙiƙa 10 ita ce iyakar da aka yarda ɗan Adam ya kai. A 1887 ya dawo ya sake lashe kambun. Banda haka yana tseren keke yana buga kurket, har kurket ɗin ma daga baya ya ci kuɗi da ita a ƙananan kulob na yankin Rotherham.

To nan tambayar da kowa ke yi take zuwa, mutumin da ya fi kowa gudu a Ingila me ya kai shi raga? Me ya sa ba a sa shi gefe ya dinga tsere wa 'yan baya ba? Ya kan buga gefen wani lokaci, amma gola aka san shi, kuma sai ka san dokar wancan zamanin za ka ga ba ɓarnar baiwa aka yi ba.

Ni na tsaya a raga shekaru, kuma na tarar da ƙwallon fata mai shan ruwa, wadda in an yi ruwan Agusta aka buga maka ita da ƙarfi sai ka ji kamar tubali aka jefo maka a ƙirji, yatsunka su kwana suna zugi. To nasu ta fi wannan muni, ga ɗinkin igiya a bakinta, ga taɓon Ingila lokacin sanyi, ba safar hannu irin ta yau, rigar gola ma iri ɗaya ce da ta sauran 'yan wasansa don sai 1909 aka ce lallai ta bambanta. Ragar kanta babu ita a farkon wasansa, turaku ne kawai da sandar sama, sai wajen 1891 aka fara ɗaura raga, a shekarar ne ma aka kawo fenareti. Amma babbar masifar ita ce doka ta halatta a banke gola. Ɗan gaba zai taho da gudu ya sa kafaɗa ya tura ka cikin gida kai da ƙwallon gaba ɗaya kuma a ƙirga ci, kafin tsakiyar shekarun 1890 ma ko ƙwallon ba ta hannunka ana iya kwashe ka, ɗaya ya kayar da gola ɗaya ya buga. Kuma tsarin wasan lokacin 'yan gaba biyar ne, 'yan tsakiya uku, 'yan baya biyu kacal. Ka ƙiyasta mutum biyar sun nufo ka kuma alƙalin wasa ba zai hura komai ba.

Shi ya sa golan zamanin ba ya kama ƙwallo ya rungume kamar yadda muke koya wa yara yanzu, in ka riƙe ka mutu, naushi ake yi. Kuma Wharton ya yi suna wajen naushin ƙwallo, in ya dunƙule hannu ya kai mata sai ta yi nisa kamar da ƙafa aka buga, wani lokacin har da kan wanda ya kawo kai kusa. Na biyu kuma, har zuwa 1912 gola yana da damar taɓa ƙwallo da hannu a ko ina cikin rabin filinsu ba cikin da'irarsa kaɗai ba. Kaga kenan gola mai gudu dukiya ne, kafin ɗan gaba ya cimma dogon bugu shi ya riga shi isa. Abin da yau ake yaba wa su Neuer golan Jamus na fitowa share bayan 'yan baya, mai gudun daƙiƙa 10 yana da kayan aikinsa tun wancan lokacin.

Sannan mutum ne mai son nishaɗantar da 'yan kallo. Waɗanda suka gan shi sun ba da labarin yadda yake tsugunawa a gindin turke ɗaya kamar ba wasa ake ba, ya bar gida wayam, sai ɗan gaba ya ga banza ta faɗi ya buga ɗaya ɓangaren, kafin ƙwallon ta isa ya zabura ya tare. Akwai labarin da wani tsohon ɗan kallo ya rubuta wa jarida shekaru bayan haka, cewa ya ga Wharton ya yi tsalle ya kama sandar sama yana lilo, ya cafke ƙwallon da ƙafafunsa, 'yan gaban da suka taho banke shi suka wuce ta ƙarƙashinsa suka zube cikin gida. A matsayina na wanda ya san raga zan ce maka wannan ba shirme ba ne zalla, in mutum uku sun taho kashe ka kuma ba doka mai kare ka, to sama ita ce mafita. Amma wasu 'yan jaridar ba haka suka ɗauka ba. Suna kiransa da laƙabin launin fatarsa a rubuce ba kunya, har wata jarida ta rubuta maganar da ke nuna wai kansa ba zai ɗauki cewa raga ba wurin wasa ba ce. Abin da in Bature ya yi za a ce basira, shi da ya yi sai aka jingina shi da fatarsa.

Darlington ya fara tsare wa gida wajen 1885, a matsayin mai buga wa don sha'awa, ba albashi. Daga nan Preston North End ta gan shi ta ɗauke shi, kuma a lokacin Preston ita ce gagarabadau a Ingila. A nan sai na ɗan tsaya na yi maka bayanin rigimar kuɗi, don ita ce ƙashin bayan amsar tambayarka.

Waɗanda suka kafa hukumar ƙwallon Ingila ta FA a 1863 'ya'yan masu hali ne na kudancin Ingila da suka fito daga manyan makarantu, a wurinsu wasa abin nishaɗin mai mutunci ne, karɓar kuɗi a kansa kuwa zubar da girma ne. Amma a arewa, garuruwan masaƙu na Lancashire, leburori sun samu hutun rabin ranar Asabar, suka fara cika fili suna biyan kuɗin ƙofa, kulob suka ga kuɗi na shigowa sai suka fara zawarcin gwanaye daga Scotland. Tunda biya haramun ne sai a yi dabara, a ba mutum aikin suna a masaƙa, ko a sa masa kuɗi a takalmi. Fergus Suter da ya zo Darwen daga Glasgow a 1878 shi ake yawan kira na farko a wannan harkar, magini ne mai sassaƙa dutse da ya ajiye sana'arsa amma aka ga bai rasa abin kashewa ba. A Janairun 1884 Preston ta yi kunnen doki da Upton Park ta Landan a kofin FA, 'yan Landan suka kai ƙara cewa Preston na biyan 'yan wasa, shugaban Preston William Sudell bai musa ba, ya ce eh muna biya kuma kowa ma yana yi. Aka kore su daga gasar. Kulob ɗin arewa suka yi barazanar ɓallewa su kafa tasu hukumar, dole FA ta sauko a watan Yulin 1885 ta halatta albashi, amma da sharaɗi, ɗan albashi ba zai buga kofi ba sai in an haife shi ko ya zauna shekara biyu cikin mil shida daga filin kulob ɗin. Wannan sharaɗin kan 'yan albashi ya hau, bai hau kan mai buga wa don sha'awa ba, kaga gola gwani wanda ba ya cikin rajistar albashi abin nema ne ga kulob irin Preston.

Da shi a raga Preston ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin FA na kakar 1886 zuwa 87, West Bromwich Albion ta fitar da su da ci 3 da 1. A hanya sun doke Renton ta Scotland 2 da nema, kuma wasan da ya yi ranar ya sha yabo sosai a jaridu. A wannan tsakanin ne wasu marubuta a arewa suka fara cewa ya cancanci rigar Ingila. Ba a kira shi ba. In kana so ka san tsawon wannan hanyar, a 1925 an sanar da Jack Leslie na Plymouth cewa yana cikin tawaga sannan sunansa ya ɓace, kuma sai 1978 Viv Anderson ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa babbar tawagar Ingila. Shekara casa'in bayan Wharton.

Abin da ke ba ni takaici a tarihinsa shi ne 1888. A shekarar aka kafa Football League da kulob 12, kuma Preston ta cinye kakar farko ba a doke ta ko sau ɗaya ba, wasa 22, ta ci 18 ta yi canjaras 4, ta haɗa da kofin FA ba a zura mata ko ƙwallo ɗaya ba. 'Yan Arsenal masu alfahari da cin lig ba a doke su ba a 2004, ga waɗanda suka riga ku. Amma Wharton ba ya ciki. Preston ta riga ta kawo James Trainer ɗan Wales a raga, shi kuma ya tattara ya koma Sheffield ya shiga tseren kuɗi. Da ya yi shekara ɗaya a gaba da sunansa yana cikin tawagar da ba a mantawa. Sai dai ban ga laifinsa ba, a lokacin kuɗin yana wajen gudu ba wajen ƙwallo ba. Sheffield ita ce cibiyar tseren caca, dubban mutane ke zuwa, ana ba wanda bai kai ka gudu ba tazarar wasu yadi a gaba don a daidaita, masu kuɗi su ɗauki nauyin ɗan tsere su zuba caca a kansa. Ya ci babban tseren Sheffield a 1888. Matsalar wannan tsarin ita ce duk ranar da ka nuna iyakar gudunka, gobe sai a ƙara mayar da kai baya, nasararka ita ke cinye kasuwarka, kuma ranar da ka karɓi kuɗin tsere ƙofar gasar 'yan sha'awa ta rufe maka har abada.

Sai 1889 ya dawo ƙwallo ya sa hannu a Rotherham Town a matsayin ɗan albashi. Wannan ita ce shekarar da ake nufi in an ce shi ne baƙar fata na farko furofeshinal. Ka lura da wani abu, manyan ranakunsa, Stamford Bridge da Preston, duk ya yi su ne kafin ya fara karɓar albashin ƙwallo. Albashin ya zo ne a ƙaramin kulob. A Rotherham ya yi aure a 1890, ya auri Emma Lister 'yar garin, ya kuma riƙa kula da mashaya, don a lokacin haka ake ƙara wa sanannen ɗan wasa samu, a ba shi gidan giya ya riƙe sunansa ya jawo masu sha. Wannan alherin shi ne ya zama guba ga 'yan wasa da yawa na zamanin, har da shi, don shaye-shaye ya kama shi daga baya.

Yanzu ka dawo da abin da na ce ka riƙe. Ɗan babban limami, jikan sarauta, ɗan 'yar uwar mai jarida, wanda aka kashe wa kuɗin karatu a Ingila. A idon danginsa da idon Turawan mulki, zama ɗan wasan albashi ba hawa ba ne, faɗuwa ce. Mu yau in yaro ya samu kulob a Turai har walima ake yi, amma a 1889 ɗan ƙwallon albashi lebura ne, sahunsa ɗaya da mai aikin masaƙa da mai haƙar kwal, a wasan kurket ma ƙofar shiga fili daban ake ware wa 'yan albashi da 'yan gayu masu buga wa don sha'awa. Wharton ya nemi aiki a gwamnatin mulkin mallaka ta Gold Coast don ya koma gida, bai samu ba, kuma rayuwarsa ta ɗan wasan kuɗi tana cikin abin da aka riƙe a kansa. Ka ga mutum ya tsaya a tsakiya kenan, a Ingila fatarsa ta sa masa iyaka, a gida kuma sana'arsa ta rufe masa ƙofa. Bai sake komawa ya zauna a ƙasarsu ba.

Kuma shi kansa albashin ba wani abin a zo a gani ba ne. Kuɗin shiga kallon wasan lig sisi ne, sisin nan dai da kakanninmu suka sani, rabin sule. A 1893 aka kawo tsarin da kulob ke riƙe rajistar ɗan wasa, ko kwantiraginka ya ƙare ba ka isa ka koma wani kulob na lig ba sai sun sake ka. A 1901 aka ƙayyade cewa ba ɗan wasan da zai wuce fam 4 a sati, kuma wannan na manya ne, 'yan ƙananan kulob ba sa ko kusa, lokacin bazara da ba wasa kuma a rage ko a tsayar. Ba fansho, ba inshora, in ka karye ka karye wa kanka. Wannan ƙayyade albashin sai 1961 aka soke shi.

A 1894 dama ta sake zuwa, Sheffield United ta rukunin farko ta ɗauke shi. Sai aka yi rashin sa'a a shekarar suka kawo wani matashi daga ƙauyen masu haƙar kwal, William Foulke, ƙato ne na gaske wanda daga baya ƙibarsa ta zama abin labari, amma gola ne na ƙwarai, da shi Sheffield United ta ci lig a 1898 da kofin FA a 1899 da 1902, shi ne kuma golan Chelsea na farko a 1905. A zamanin da ake banke gola, wa zai ajiye mutumin da ba ya bankuwa? Wharton yana dab da talatin, Foulke yana ashirin. Kuma ka sani lokacin babu canji, ba a san benci ba, sai 1965 aka fara canjin ɗan wasa a lig, saboda haka gola na biyu ba jiran rauni yake a gefen fili ba, yana can tare da 'yan ajiya. Wasa uku kacal ya buga wa babbar tawagar, ɗaya daga ciki na lig ne da Sunderland a watan Fabrairun 1895, kuma Sunderland ce ta ɗauki kofin a kakar. Wannan wasa ɗaya tilo shi ya sa shi zama baƙar fata na farko da ya buga rukunin farko na Ingila, abin da yau ya zama Firimiya. Duk su Kanu da Okocha da Drogba da Essien da Salah, in ka bi layin baya a wannan ranar zai tsaya.

Daga nan sai gangara. Ya koma Rotherham, ya wuce Stalybridge Rovers, ya je Ashton North End ita kuma ta talauce ta rushe a 1899, ya dawo Stalybridge. A can ya yi wasa tare da wani saurayi da ba wanda ya damu da shi lokacin, Herbert Chapman, wanda daga baya ya zama kocin da ya gina Huddersfield sannan ya ɗora Arsenal a kan taswira. Kulob ɗinsa na ƙarshe Stockport County ce a rukuni na biyu, kakar 1901 zuwa 1902, kuma a cikin wasanninsa na ƙarshe akwai wanda suka kara da Newton Heath, kulob ɗin da a wannan shekarar ta 1902 ta canza suna ta koma Manchester United. Ya ajiye ƙwallo yana shekara 36.

Kafin in ƙarasa, maganar "na farko" tana buƙatar gyara kaɗan don kar wani masani ya kama ka a majalisa. Wharton ba shi ne baƙar fata na farko da ya buga babbar ƙwallo a Birtaniya ba. Andrew Watson, haifaffen Guyana, ya riga shi, ya buga wa Queen's Park ta Glasgow, kuma a 1881 ya ja ragamar Scotland a matsayin kyaftin suka lallasa Ingila 6 da 1 a Landan. Amma Watson ɗan attajiri ne da ya yi sunansa a matsayin mai buga wa don sha'awa, duk da akwai masu binciken da ke ganin an biya shi da ya koma Bootle a 1887. Saboda haka in za ka faɗa ka faɗa haka, Wharton shi ne wanda aka fi yarda cewa shi ne baƙar fata na farko ɗan ƙwallon albashi, shi ne na farko a rukunin farko na lig ɗin Ingila, kuma shi haifaffen Afirka ne, wanda Watson ba haka ba. A kan wannan ba mai ture ka.

Bayan ƙwallo rayuwa ta yi masa tsanani. Mashayun suka tafi, suna ya dushe, ya ƙare a ramin kwal. Ya yi shekaru yana aiki a Yorkshire Main da ke Edlington kusa da Doncaster, kuma ba ma mai saran kwal ba ne wanda ya fi samun kuɗi, yana cikin masu jigilar tarago ne a ƙarƙashin ƙasa. Aikin shi ne ka haɗa ƙananan taragon da aka cika da kwal, ka maƙala su a igiyar ƙarfe mai ja, ka kwance, ka tura wanda ya tsaya, cikin duhu da ƙura da zafi, rufin a wasu wuraren ba ya barin ka miƙe tsaye, in tarago ya kuɓuce kuma ba inda za ka gudu. Aiki ne da aka fi ba samari, shi kuwa yana yinsa da shekara hamsin da wani abu har zuwa sittin. Ina yawan tuna wannan, ƙafafun da suka yi yadi 100 a daƙiƙa 10 a gaban dubban mutane su ne ke takawa a sunkuye a bayan taragon kwal, kuma da yawa daga yaran da ke aiki gefensa ba a haife su ba ranar da ya yi wannan gudun. Yana cikin ma'aikatan lokacin babban yajin aikin 1926, wanda masu haƙar kwal suka shafe wata bakwai ba albashi kuma suka koma a kan sharaɗin da ya fi na da muni.

Ya rasu a watan Disambar 1930 a wani gidan jinya a Balby bayan doguwar rashin lafiya, yana da shekara 65, ba shi da komai. Aka binne shi a maƙabartar Edlington a kabarin da ba ko alama. Mu a wurinmu kabari ba rubutu ba baƙon abu ba ne, haka muke binne sarki da talaka, amma a al'adarsu wannan shi ne alamar wanda ya mutu ba mai saya masa ko dutse, shi ya sa abin yake da nauyi a can.

Haka ya kwanta shekara 67 littattafan tarihin ƙwallo ba sa ko ambatonsa. Sai a shekarun 1990 wani mai bincike Phil Vasili ya bi tsofaffin jaridu ya tono labarin ya rubuta littafi a kansa, ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata ta Sheffield mai suna Football Unites, Racism Divides ta tara kuɗi aka kafa dutse a kabarin a 1997. A 2003 aka sa shi cikin jerin gwarazan ƙwallon Ingila, a Darlington kuma aka kafa gidauniya da sunansa. A watan Oktoban 2014 hukumar FA, wadda ba ta taɓa kiransa ba yana raye, ta buɗe mutum-mutuminsa mai tsawon ƙafa 16 a St George's Park, cibiyar da duk tawagogin Ingila ke atisaye. An yi shi ne ya tashi sama jikinsa a miƙe, hannu ɗaya ya kai ga ƙwallon yana ture ta ta saman sanda.